Jiran shafi a gwajin manhaja da rezon karkara

Shafin intanet na yanzu ba ya buɗewa gaba ɗaya lokaci guda. Ƙashin bayansa ke fara bayyana, sannan JavaScript ya ɗebo sauran kaya daga sabar, kamar maɓallin biya ko jerin farashi. Manhajar gwaji, wadda ke danna shafi a madadin mutum, ta fi mutum gaggawa. Takan nemi maɓallin da bai iso ba, ta ce shafi ya lalace alhali lafiyarsa lau.

Dabarar farko ita ce a sa manhajar ta tsaya cak na wasu daƙiƙu. In shafi ya iso da wuri an yi asarar lokaci, in ya makara gwaji ya faɗi. Selenium, kayan gwajin da Jason Huggins ya soma a 2004, yana da jira mai sharaɗi: WebDriverWait na leƙawa duk rabin daƙiƙa har maɓallin ya fito ko wa'adi ya cika. Playwright, da Microsoft ya fitar a 2020, ya ɗauke wa mai gwaji wannan wahala. Kafin ya danna, da kansa yake tabbatar da cewa maɓallin ya bayyana, ya daina motsi, kuma babu abin da ya rufe shi. Nan masu sana'ar suka karkata yanzu, kuma ci gaba ne.

Sai dai sauƙin ya zo da sakaci. Wa'adin Playwright na asali daƙiƙa 30 ne, don haka shafin da ya yi jinkirin daƙiƙa 25 zai ci gwaji sumul. Manhaja ba ta ƙosawa, mutum kuwa yana ƙosawa. Manomin gero a Sae Sabuwa, cikin gundumar Gidan Rumji ta jihar Maradi, da ke son karɓar kuɗin da ɗansa ya turo daga ci-rani, yana riƙe da ƙaramar waya, rezo na zuwa yana ɗaukewa, kuɗin datarsa na ƙonewa. In allo ya yi shiru sai ya sake dannawa, wataƙila buƙatar ta tafi sau biyu. Gwajin da aka yi a ofis a Yamai ko Kano ba zai ga wannan ba.

Kayan gyara suna hannu. Chrome na iya rage gudun intanet ya koma na 3G mai rauni, Playwright kuma na iya jinkirta amsar sabar ko ya katse ta da gangan. Kamata ya yi a gajarta wa'adi zuwa abin da mutum zai jure, a kuma gwada lokacin jiran kansa: ko alamar lodi ta fito, ko maɓalli ya kulle bayan dannawar farko, da saƙon da ke bayyana in rezo ya yanke ana tsakiyar biya.