Waƙar Siyasa da Wanda Bai Kai Ga Akwati Ba

Duk wanda ya tashi a cikin badala ya san cewa amshin waƙa ke fara sanar da ƙaratowar zaɓe. Tun daga Mandawari har Jakara, yaro kan haddace kirarin ɗan takara kafin ya san muƙamin da yake nema. Ƙorafina a kan wannan waƙa guda ne: ta ƙware wajen kai mutum rumfar zaɓe, amma ba ta da abin faɗa game da wanda aka hana shi isa.

Asalinta kuwa a kan hanin aka gina shi. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma a zaɓen 1951 ta yi rinjaye a matakin farko a birni. Sai dai zaɓen hawa-hawa ne, kuma doka ta ba En'e damar cusa nata mutanen a matakin ƙarshe, don haka ƙuri'ar talaka ta narke kafin ta kai majalisar Kaduna. Matan Arewa kuwa sai a 1976 suka fara jefa ƙuri'a. Mawaƙan Sawaba, irin su Gambo Hawaja, ba waliyyai ba ne; zambo da habaici sun cika baitocinsu. Amma talakan da aka danne shi ne tsakiyar waƙar, jagora yana gefensa.

A waƙar yau an sauya musu mazauni. A zaɓen gwamna na Maris 2019, Abba Kabir Yusuf yana gaba da ƙuri'a 26,655 aka ce zaɓe bai kammala ba. Ranar 23 ga watan aka sake shi a wasu rumfuna, ciki har da na mazaɓar Gama da ke wajen ganuwa, inda masu sa ido na Tarayyar Turai suka ba da rahoton yadda masu makamai suka razana jama'a a jihar. Aka bayyana Abdullahi Ganduje da ratar 8,982. Ɓangare guda ya yi waƙar murna, ɗaya ya yi ta kukan kujerar gwaninsa. Tsohuwar da ta ga gora ta juya gida da katinta a ƙulle a haɓar zane ba ta samu ko ɗango ɗaya ba. A jihar Oregon ta Amurka da gidan waya ya kai mata ƙuri'arta. A nan dokarmu ta ce sai mutum ya je da ƙafarsa, saboda haka wanda ya tare lungu ya tare zaɓe.

Bin diddigin wanda aka zaɓa ma haka yake. Dauda Kahutu Rarara, wanda ba mai musun gwanintarsa a karin sauti da sarrafa habaici, ya shekara takwas yana wasa Muhammadu Buhari. Sukar da ya yi masa ta zo ne a 2023, bayan mutumin ya sauka, kuma a gaban 'yan jarida ya yi ta, ba a cikin waƙa ba. Wannan zaɓin wuri shi ya fi ɗaukar hankalina a matsayin ɗalibin adabi: fasihin da kansa bai ga gurbin tuhuma a cikin sigar da ya fi kowa iyawa ba.