Zama Shiru da Kukan Talaka: Nazari Kan Tafarkin Zen

Zen reshe ne na addinin Buda da ya ginu a ƙasar Sin da sunan Chan, kafin ya tsallaka Japan. Malamin nan Dogen, wanda ya rayu daga 1200 zuwa 1253, ya tafi Sin a 1223, ya koma Japan ya kafa ɗariƙar Soto. Babbar ibadarta ita ce zazen: mutum ya harɗe ƙafafu a kan matashi, ya fuskanci bango, ya bar tunani ya zo ya wuce ba tare da ya bi bayansa ba. Hujjar mabiyanta ita ce koyarwar Buda cewa rayuwa ba ta rabuwa da rashin gamsuwa, kuma kwaɗayin zuciya ne ke haifar da shi.

Wannan bayani ya dace da mutumin zamani, wanda ke sayen sabuwar waya yau, gobe idonsa na kan wata. Shi ya sa Zen ya samu kasuwa a Amurka da Turai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Sai dai ba duk kuka ne ke fitowa daga kwaɗayi ba. Akwai mai kukan ƙoshi, akwai wanda aka kwashe masa amfanin gona. Idan aka ce wa na biyun ya zauna ya gyara zuciyarsa, azzalumi aka yi wa aiki.

Tarihin Japan ya nuna haka ƙarara. Uchiyama Gudo limamin Soto ne a wani ƙaramin wurin bauta a yankin Hakone, cikin manoma masu noma gonakin haya. Ya ƙi yarda da faɗar da ake yi cewa talaucinsu sakayyar abin da suka aikata ne a wata rayuwa ta baya. Ya riƙa buga ƙasidu a ɓoye yana kiransu su daina biyan kuɗin haya, har ya musanta cewa sarkin Japan jinin alloli ne. Aka rataye shi a Janairun 1911 bisa zargin cin amanar ƙasa. Ɗariƙarsa kuwa, maimakon ta tsaya masa, tuɓe shi ta yi, kuma ba ta mayar masa da matsayinsa ba sai a 1993. A tsakanin nan, manyan malaman Zen da dama sun sa wa yaƙe-yaƙen Japan albarka, suna koya wa soja cewa kashe son rai shi ne miƙa wuya ga sarki. Brian Victoria, wanda shi ma limamin Soto ne, ya tattaro shaidun hakan a littafinsa Zen at War na 1997. Waɗannan malamai fa ba jahilai ba ne, sun shekara da shekaru suna zazen.

To, daga ina adalci ya shigo? Daga waɗanda suka tashi daga kan matashi. Malamin Zen Thich Nhat Hanh na Biyetnam ya tara matasa a shekarun 1960 suna sake gina ƙauyukan da yaƙi ya rusa, ya ƙi goyon bayan kowane ɓangare, abin da ya jawo masa gudun hijira na kusan shekara 40. Martin Luther King ya ba da sunansa don kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1967. A Amurka kuma malamin Zen Bernie Glassman ya buɗe gidan burodi na Greyston a 1982, wanda ya yi suna wajen ɗaukar ma'aikaci ba tare da tonon tarihinsa ba, ko da daga kurkuku ya fito.

Yau barazanar ta canza kama. Kamfanoni na shirya wa ma'aikata darussan natsuwa da aka tsamo daga addinin Buda, don su jure gajiya su ƙara ƙwazo, alhali ba a taɓa batun albashi da tsawon lokacin aiki ba. Ronald Purser ya caccaki wannan salo a littafinsa McMindfulness na 2019, kuma a ganina ya yi daidai.

Zazen na iya rage wa mutum kwaɗayi da saurin fushi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma bai hana malaman Japan bin bayan soja ba, kuma bai isa shi kaɗai ya nuna wa mai yinsa wanda aka zalunta ba.