eFootball: kyauta ce ko caca?

Tun 2021 kamfanin Konami ya mai da eFootball wasan kyauta, samarin Njamena suka rungume shi a wayoyinsu. Wasan ya tsaru, ba musu. Matsalar tana wajen ciniki. Bayan kuɗin data, sai yaro ya sayi sulallan wasan, ya zuba a akwatin sa'a, bai san ɗan ƙwallon da zai fito masa ba. Cinikin biri a sama ke nan. Mai kuɗi ya yi ta zubawa har ya tara gwanaye, ya lallasa wanda ya fi shi iyawa. Tun 2018 hukumar Beljiyam ta ɗauki irin waɗannan akwatuna a matsayin caca. A kasuwar Dembe sai ka ga kaya kake biya. A faɗi farashin kowane ɗan ƙwallo a fili, mai so ya saya.