Ultra: Ɗafa-goshin da Ba Ya Tsayawa a Bakin Iyaka

Cikin duk ɗafa-goshin da Turanci ya aro, babu wanda ya kwanta mini a rai kamar ultra. Super ya sha jiki a bakin 'yan talla, mega kuwa girma kaɗai ya sani. Amma ultra, kai, madalla da wannan kalma!

A Latin, wuri take nunawa: can gaba, ƙetare. Dubi ultramarine, wato shuɗin da ya zo daga ƙetaren teku. A da, daga ma'adinan Badakhshan na Afganistan ake haƙo dutsen da ake yin sa, a kai shi Italiya, a niƙe. Tsadarsa har ta kan yi kafaɗa da zinariya, shi ya sa masu zane suke keɓe shi don mayafin Maryamu. A 1826 wani Bafaranshe, Jean-Baptiste Guimet, ya gano yadda ake haɗa shi ba tare da dutsen ba, farashi ya faɗi warwas. Bular da iyayenmu mata ke sa wa fararen kaya, wannan shuɗin ne. Wa zai ji haka bai yi murna ba?

To yaya kalmar wuri ta koma kalmar matuƙa? Siyasa ce ta yi aikin, kuma nan ne labarin ya fi daɗi. Bayan faɗuwar Napoleon a 1815, wasu 'yan majalisar Faransa suka tsaya kai da fata sai an maido da sarauta yadda take kafin juyin juya hali. Shi kansa Sarki Louis na 18 bai kai su zafi ba, sun fi mai kora shafawa, har ya rushe majalisar a 1816. Aka riƙa ce musu ultra, waɗanda suka zarce. Turawan Ingila suka ɗauka, daga nan duk mai tsattsauran ra'ayi ya sami laƙabi, har 'yan kallon ƙwallon Italiya masu tutoci da ganguna suka mai da shi sunan alfahari.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta yar da tsohuwar ma'anarta ba. Hasken da Johann Ritter ya gano a 1801, wanda ido ba ya gani, daga baya ultraviolet aka raɗa masa. Sautin da ya wuce jin kunnen ɗan Adam shi ne ultrasound, da shi Dakta Ian Donald ya leƙa cikin mai juna biyu a Glasgow, ya wallafa sakamakon a 1958.

A tseren ultramarathon kuwa ma'anonin biyu suka haɗu: ya zarce kilomita 42.195 na gudun fanfalaki, wahalarsa kuma ta kai maƙura. Tun 1921 ake yin na Comrades tsakanin Durban da Pietermaritzburg, kusan kilomita 90 a ƙafa, hawa da gangara.