Barin jaki ana dukan taiki: manyan kalmomin Ingilishi da karatun Wuthering Heights a Jibiya

Daga 2021 zuwa 2025 hukumar WAEC ta sa Wuthering Heights na Emily Brontë cikin ƙagaggun labaran da ba na Afirka ba waɗanda masu darasin adabin Ingilishi ke zaɓa, tare da Invisible Man na Ralph Ellison. Ke nan a waɗancan shekarun ɗalibin sakandare a Jibiya, garin da ke kallon Ɗan Isa ta Nijar ta ƙofar Magama, yana iya tsintar kansa riƙe da littafin da aka buga a Landan a Disambar 1847, shekara goma da hawan Sarauniya Biktoriya. Yadda aka saba fuskantar irin wannan littafi sananne ne. Malami, ko mai ɗan littafin taƙaitawa da ake sayarwa a kasuwa, ya tsamo dogayen kalmomi ya jera su, kowace da ma'anarta cikin sassauƙan Ingilishi, ɗalibi ya haddace kamar mai tilawa. A ganina an bar jaki ana dukan taiki. Dogayen kalmomin su ne mafi sauƙi a littafin. Masu kayar da yaro gajeru ne, kuma maganin akasarinsu yana cikin Hausar da yake ji a gida.

Mai jeranta kalmomi yana da hujjarsa, kuma sai a ba shi ita. Paul Nation, masanin koyar da harshe a New Zealand, ya nuna a 2006 cewa kafin mutum ya karanta ƙagaggen labari na Ingilishi ba tare da taimako ba, sai ya san kashi 98 cikin 100 na kalmomin shafi, wato baƙuwa ɗaya cikin hamsin, kuma hakan na buƙatar tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Shahararren jerin da Michael West ya fitar a 1953, wanda aka gina littattafan koyo masu yawa a kansa, kalmomi kusan 2,000 ne. Giɓin babba ne, babu musu. Sai dai lissafin nan shi ne ke karya hujjar hadda, domin jerin kalmomi ɗari ko ɗari biyu ba zai cike ramin dubu shida ba. Kalma tana zama a ka ne idan an yi ta cin karo da ita cikin zance, kuma littafin da kansa yana maimaita kalmominsa. Countenance, wato fuska da yanayin da ke bayyana a kanta, tana dawowa babi bayan babi har mai karatu ya saba da ita ko bai nema ba.

Bakin iyaka yana nuna wani abin da ba a lura da shi a Kano ko Zariya. Yawancin kalmomin da ake kira manya sun shigo Ingilishi daga Latin da Faransanci, wasu daga Girkanci. Yaron Maraɗi da ya yi boko da Faransanci, idan ya ga solitude ko chagrin, ya riga ya san su da rubutunsu, misanthropist kuwa ƴar canjin wutsiya ce kawai ta raba ta da wadda ya sani. Abin da ya tsaya wa ɗan Jibiya a wuya, ɗan uwansa da ke bayan shingen kwastan ya samu a ɓagas, alhali a gida Hausar Katsina ɗaya suke yi. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa tsawon kalma ba shi ne wahalarta ba. Doguwar kalma ma'ana ɗaya tsayayya gare ta, ƙamus ya faɗa, magana ta ƙare. (Shi ma ɗan Maraɗin yana da tarkonsa: sensible a Faransanci mai saurin jin abu a rai ne, a Ingilishin yau kuwa mai hankali.)

Gajerun kalmomi ne ke yaudara, saboda ɗalibi yana zaton ya san su, don haka ba ya tambaya. A gidan Earnshaw, house ba ginin duka ba ne, babban ɗakin da iyali ke zama ne, kuma Lockwood mai ba da labarin ya yi bayanin haka tun a farko. Want sau da yawa rashi take nufi. Moor ba daji ba ne, ba kuma gona ba; tudu ne mai faɗi da sanyi da iska, mai gajerun tsirrai, wanda a wurare yake da laka mai haɗiye ƙafa. Ga kuma kuɗi, wanda ya cika littattafan Dickens. Nan tsohuwar da ke Jibiya ta fi matashin Landan, domin Nijeriya ta yi amfani da fam da sule da kwabo har zuwa Janairun 1973. Kwabo goma sha biyu sule ɗaya, sule ashirin fam ɗaya, sisi kwabo shida, taro kwabo uku. Har yau ana cewa ba ni da ko sisi. Yaron da ya girma yana ganin ƴan canji suna juya naira da sefa, yana jin ana ce wa sefa ɗari dala ashirin, ba zai sha wahalar lissafin da ba na goma-goma ba, muddin aka gaya masa cewa shilling ita ce sule.

Inda lamarin ya fi zurfi shi ne shari'a, domin ramuwar gayyar Heathcliff, jigon labarin, duk a kan takardu ta tafi. Hindley, magajin gidan Earnshaw, ya faɗa giya da caca, ya yi ta cin bashi a kan gidan gado, ya mutu gidan ya koma hannun Heathcliff, ɗansa Hareton ya zama bara a gidan ubansa. Kalmar da ke ɗauke da wannan duka ita ce mortgage, kuma manomin Katsina ya san jingina sarai. Sai dai malami ya ƙara da cewa a jinginar gona wanda ya ba da kuɗi shi ke noma ta har a fanshe, a can kuwa mai bashin yana zaune a gidansa har ranar da ya kasa biya. Ɗaya gidan, Thrushcross Grange, ta hanyar aure aka bi. A dokar Ingila ta wancan zamani, dukiyar hannun mace tana zama ta miji da zarar an ɗaura aure, kuma ba a gyara wannan sosai ba sai da dokokin 1870 da 1882. Shi ya sa Heathcliff ya kulle Cathy, ƴar Edgar mai Thrushcross Grange, har ta auri ɗansa Linton mai jinya, shi ya sa kuma Edgar a gadon mutuwa ya aika a kira lauya don ya sauya wasiyya, lauyan da Heathcliff ya riga ya saye ya ƙi zuwa a kan lokaci. Ɗalibar da ta tashi ta san sadakinta nata ne, gadonta nata ne, miji ba shi da iko a kai, ba za ta gane dalilin kullen ba sai an faɗa mata ƙarara cewa can ba haka ba ne. C. P. Sanger, lauya ɗan Ingila, ya bi diddigin wannan a 1926 ya tarar marubuciyar ta san dokar gado da kyau. Babu jerin manyan kalmomi da ke kai ɗalibi nan.

Za a ce jarrabawa da Ingilishi ake rubuta ta, shigo da Hausa aji kuwa raunana yaro ne. Amsar tana zaure. Ƙarni da ƙarni malaman ƙasar Hausa suna karantar da Muƙamatul Hariri, littafin da Larabawa kansu ke buɗe ƙamus a kansa, ta hanyar da kowa ya sani: ɗalibi ya ja baƙi, malam ya fassara gaɓa-gaɓa, ya tsaya inda al'ada ko hukunci ya ɓuya, ɗalibi ya rubuta ma'ana a gefen shafi. Wannan hanya ce ta fitar da masu rubuta waƙa da fiƙihu cikin Larabci, ba ta hana su ƙwarewa ba. Tana da aibinta, domin takan fitar da mai fahimtar littafi wanda bakinsa bai saba da magana ba, kuma wannan gargaɗi ne na gaske: bayan an warware da Hausa, dole ɗalibi ya koma ya faɗa ya kuma rubuta da Ingilishi. Za a kuma ce a ba shi sassauƙan bugu a huta. A matsayin tsani, babu laifi. Ko Charlotte Brontë, da ta sake fitar da littafin a 1850 bayan rasuwar ƙanwarta, ta sassauta karin harshen Yorkshire na tsoho Joseph don mutanen kudancin Ingila su gane. Amma sassauƙan bugu yakan zubar da bambancin murya, kuma littafin a kansa ya tsayu: Lockwood ɗan birni mai ƙawata zance, Nelly mai aikin gida mai magana kai tsaye, Joseph mai ƙauyanci da wa'azi. Bakatsine da ya san yadda ake gane mutum daga karin harshensa ba ya buƙatar dogon bayani a nan.

Akwai ma wurin da Hausa ta fi Ingilishin tantancewa. Cathy ta auri Linton, daga baya ta shirya auren Hareton, kuma Ingilishi cousin yake ce wa kowannensu. Linton ɗan gwaggonta ne, ƙanwar mahaifinta Isabella. Hareton ɗan kawunta ne, yayan mahaifiyarta Hindley. Dukansu taubasanta ne, kuma tsiyar da take yi wa Hareton a kan rashin iya karatu, kafin ta zauna ta koya masa, ɗan Jibiya zai ji ta da kunnen da ya san wasan taubasai, ko da yake a littafin da zafi ta fara.