Littafin da Mai Shi Ya Janye

A 1997 aka buga littafin Joshua Harris, saurayi ɗan Amurka, mai suna I Kissed Dating Goodbye. Ya koyar cewa kowace soyayya kafin aure tana gutsure zuciya, har mutum ya shiga aure da raguwa kawai. A 2018 Harris ya nemi gafara, ya tsayar da buga shi.

Iyaye da masu wa'azi a Sabangali ta Injamena su lura. Kamewa umarni ne, amma budurwar da aka tsorata da jikinta tun ƙuruciya ba za ta daina ƙyamarsa a daren aure ba. A Yohanna 8 mace kaɗai aka jawo gaban Yesu, aka ƙyale namijin. Ubangiji bai karɓi wannan mudu ba.