Ci-ranin Da Ya Koma Zama: Sharhi Kan Littafin Buchi Emecheta

Duk wanda ya tashi a Zangon Agege ya taɓa jin an tambayi dattijo, "Baba, yaushe za a koma gida?" Amsar ma mun haddace ta: "Baɗi in Allah Ya kai mu, in an rufe ginin can." Mai wannan amsa goro ne ya kawo shi Kurmi, ko shanu, tun jirgin ƙasa na tasowa daga Kano yana kwana a hanya. Ya aurar da 'ya'ya a nan, jikokinsa Yarabanci ya fi zama a bakinsu, amma har gobe baɗi zai koma.

Wannan amsa ce ta riƙa faɗo mana a rai da muka zauna karatun wani tsohon littafi da ɗayanmu ya tsinto wurin masu sayar da kwancen littattafai a Yaba. Sunansa Head Above Water, wato halin wanda ruwa ya kai wa wuya amma ya ƙi nutsewa. Marigayiya Buchi Emecheta ce ta rubuta shi da Turanci, ya fito a 1986. Tarihin rayuwarta ne, ta waiwayi shekara ashirin da wani abu da ta yi a Ingila. Ba Bahaushiya ba ce, ba Musulma ba ce, kuma tafiyarta ta ƙetare teku, tamu kuwa iyakarta ƙetaren Kwara. Duk da haka mun ga ya dace mu kawo shi wannan shafi, don ya taɓo wurin da ke mana ƙaiƙayi.

An haife ta a Yaba a 1944. Iyayenta 'yan ƙabilar Ibo ne daga Ibusa, kusa da Asaba, mahaifinta ma'aikacin reluwe. To kun ga tun daga nan ta yi kama da yaranmu: haihuwar Ikko ce, amma in an tambayi garinsu sai a kira wani wuri mai nisa. Mahaifin ya rasu tana ƙarama. Ta samu tallafin karatu a makarantar 'yan mata ta Methodist da ke Yaba, ta yi aure tana da shekara 16, ta samu aiki mai albashi mai kyau a ofishin jakadancin Amurka. Mijinta ya tafi Landan karatun akanta, ita kuma ta bi shi a jirgin ruwa a 1962 da 'ya'ya biyu, suka sauka a Libaful, garin da samarinmu suka sani saboda ƙwallo. A shekarar ce Ingila ta kafa dokar taƙaita shigar mutanen ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka, wato ana gab da turo ƙofa ta shiga.

Niyyar da aka tafi da ita irin ta kowa ce a lokacin. Nijeriya ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba, kujerun da Turawa suka bari na jiran masu takarda. A je, a yi shekara uku ko huɗu, a dawo a zama manya. Ci-rani ke nan, sai dai na boko. Abin da ya biyo baya daban: ɗaki ɗaya, sanyi, haihuwa a kai a kai har 'ya'ya biyar, ita ke aiki tana ciyar da gida, aure kuma ya mutu tana da shekara 22.

Abin da ya fara burge mu shi ne matar nan ba ta da ƙaryar 'yan dawowa. Mun san su ai. Mutum zai zo hutu da agogo da turare, ya ce can kuɗi a ƙasa suke, ba zai taɓa faɗin a ina yake kwana ba. Ita kuwa lissafi take bayarwa kamar mai rufe littafin shago da dare: kuɗin haya, abin da za a ci, wa zai riƙe yara in ta tafi aiki, yaushe za ta yi karatu. Ta yi aiki a ɗakin karatu na babban gidan tarihin Birtaniya. Ta zauna a rukunin gidajen da hukuma ke tara marasa galihu, ta karɓi kuɗin tallafin gwamnati, ba ta ɓoye kunyar da ta ji ba. Tana cikin haka ta yi digiri a Jami'ar Landan kan ilimin zamantakewa, tana tashi da asuba ta yi rubutu kafin yara su farka. Daga wannan zama ne littafinta na farko, In the Ditch, ya fito a 1972, bayan mujallar New Statesman ta fara buga shi guntu-guntu.

Harshenta ma haka yake, babu ado. Kamar mace ce ta shimfiɗa tabarma tana ba ka labari, ta yi dariya a inda kake zaton kuka. Ta ce ta gaji wannan daga wata gwaggonta a Ibusa mai ba yara tatsuniya a farin wata. Wanda ya yi sakandare zai karanta ba tare da ƙamus a gefe ba.

Wurin da muka fi daɗewa muna muhawara shi ne batun masauki. Wanda yake son cikakken bayaninsa sai ya haɗa da littafinta na hikaya Second-Class Citizen na 1974, inda ta sa wa kanta suna Adah. A can ne ake ganin yadda masu gidajen haya ke liƙa sanarwar ba sa son baƙar fata, da yadda 'yan Nijeriya 'yan uwanta da suke gida ɗaya suka juya mata baya. Laifinta a wurinsu, tana aikin ofis maimakon masana'anta, kuma ta ƙi miƙa 'ya'yanta riƙo ga Turawa kamar yadda ɗalibai da yawa ke yi a lokacin. A ƙarshe wanda ya ba su ɗaki wani tsoho ne ɗan Nijeriya da ya je karatun lauya tun da daɗewa, karatu ya gagara, kunya ta hana shi komawa, ya zama abin dariyar Turawa. Wallahi mun san irin wannan tsoho. Ba sai an je Landan ba.

Da muka karanta wannan sai muka ce, abin da baiwar Allah nan ta rasa shi ne zango. A tsarin da iyayenmu suka kafa, baƙo in ya sauka daga mota ko jirgi akwai maigidan da zai nufa. Shi zai ba shi wurin kwana, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in bashi ya shiga tsakani. In rigima ta fi ƙarfinsa akwai Sarkin Hausawa. In mutuwa ta zo akwai masu wanka da masu sallah. Haka abin yake a Sabon Ibadan, haka a Shagamu, haka a nan. Ita ba ta samu ko ɗaya ba. Waɗanda suka zame mata dangi su ne matalautan matan Turawa da ta zauna da su a gidajen hukuma.

Muna cikin yabon kanmu sai wata malama a cikinmu ta ce, "To tsaya. Da a zango take, da me za mu ce mata?" Aka yi shiru. Don kowa ya san amsar: ki yi haƙuri, ki dubi 'ya'yanki, aure ɗan haƙuri ne. Matar nan fa ta rubuta littafinta na farko da hannu, ta ba mijinta ya karanta, ya cinna masa wuta. Wannan ne ya kai ta bango ta fita. Sai da ta sake rubuta shi daga baya, ya fito a 1976 da sunan The Bride Price. Malamar ta ce, da an kai ƙara zauren maigida, wa zai ɗauki ƙona takarda a matsayin laifi? Za a ce ai ba mutum ya ƙona ba. Ba mu da abin cewa. Inuwar da zango ke yi wa baƙo gaskiya ce, amma ba kowa take rufewa daidai ba, kuma akwai matan da a cikinmu suke shan irin abin da ta sha, da maigida da sarki da komai. Kaɗaicin da ya kusa halaka Buchi shi ne kuma ya ba ta filin zama abin da ta zama. Littafin bai warware wannan ba, mu ma ba mu warware ba.

Yanzu sai inda muka ga gazawarsa, don sharhi ba kirari ba ne.

Na farko, ta yi tsalle a inda ya kamata ta tsaya. Tun farko ta sanar cewa ba za ta daɗe kan shekarunta na farko ba, tunda ta riga ta zuba su a littattafan hikaya. Uzuri ne, amma wanda wannan kaɗai ya samu a hannu an rage masa mudu. Shekarun auren nan su ne gindin labarin, sai ga shi an ratsa su da sauri.

Na biyu, daga tsakiya zuwa ƙarshe littafin ya cika da hidimar maɗaba'a: wa ya karɓi rubutu, wa ya mayar, yaya aka yi da gidan talabijin. Marubuci zai ji daɗin wannan. Mai sayar da tumatir a Mile 12 da aka karanta wa zai fara hamma.

Na uku, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma shari'a ba a yanke ta da bakin mutum ɗaya. Ita ce mai ƙara, ita ce shaida. Ba muna ƙaryata ta ba ne. Sai dai mun so jin 'ya'yan nan biyar da aka yi duk wahalar dominsu, waɗanda suka tashi da Turanci a baki. Su me suke kira gida? Ta matso kusa da wannan tambaya a babin da ta ba da labarin aikinta a wata cibiyar matasa baƙar fata, akasarinsu 'ya'yan mutanen tsibiran Karibiyan, samari marasa aikin yi masu fushi da ƙasar da suka tashi a ciki. Nan ne littafin ya fi kusa da mu, don mun san yaron da aka haifa a Agege, ubansa ma a Agege, amma ranar neman takardar asali sai a ce ya tafi Kano ko Katsina, inda ko hanyar gidan kakansa bai sani ba. Mun so ta zauna a wannan babi fiye da yadda ta yi.

Duk da haka akwai abu guda da littafin ya yi wanda ya wanke waɗannan laifuka. Ya nuna yadda ci-rani ke rikiɗa ya koma zama ba tare da an yi shela ba. Babu ranar da Buchi ta tashi ta ce daga yau na zama 'yar Ingila. Yara ne suka shiga makaranta, aiki ya samu, littafi ya fito, wani ya biyo, har ta tara abin da ta sayi gidan kanta a arewacin Landan. Sayen gidan nan shi ne amsar tambayar da ake yi wa Baba, ita dai ta yarda ta faɗa da bakinta. Ta gwada dawowa ma: ta yi aiki a Jami'ar Kalaba daga 1980 zuwa 1981, sannan ta koma. Ibusa ba ta fita daga alƙalaminta ba, don shahararren littafinta The Joys of Motherhood na 1979 tsakanin Ibusa da Ikko yake, amma a Landan ta rubuta shi. A Landan ɗin kuma ta rasu a watan Janairun 2017, tana da shekara 72, shekara 55 bayan saukarta daga jirgi.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Raɓar da ta shekara hamsin ba ta bushe ba kuwa, ai sai a sake mata suna. Rashin sake sunan nan yana da tsada, kuma mu ke biya. Mutum ya zuba duk abin da ya tara a ginin da ba zai kwana ciki ba, alhali ɗakin da iyalinsa ke ciki a nan na haya ne. Bai damu da makarantar unguwa ba, bai damu da wanda zai zama kansila ba, don wai shi baƙo ne. Ranar da ya faɗi, a Agege za a binne shi, 'ya'ya su rasa nan su rasa can. Ba muna cewa a manta da Arewa ba ne, Allah Ya kiyaye. Cewa muke a yi lissafi na gaskiya irin na matar nan.

Muna ba samarinmu masu shirin fita waje shawara su nemi littafin kafin su sayar da babur su biya ɗan kamasho. Ingilar 1962 ba ita ce ta yau ba, amma haya da sanyi da kaɗaici ba su tsufa. 'Yan matanmu na sakandare su ma su karanta, su ga mai 'ya'ya biyar da ta yi digiri. Wanda ya iya Turanci ya karanta wa wanda bai iya ba.

Sai roƙo na ƙarshe. Buchi ta bar wa jikokinta labarin zuwanta a rubuce. Mu namu dattawan da suka san farashin kwandon goro kafin yaƙin basasa, suka san wa ya sauke wa, wa ya gina masallacin farko a layinsu, kullum raguwa suke. Kowannenmu na da waya mai ɗaukar murya a aljihu. A je a gaishe da Baba bayan la'asar, a zauna. Kada a tambaye shi yaushe zai koma, an sha jin wannan. A tambaye shi ranar da ya zo, da wanda ya ba shi tabarmar farko. Abin da aka samo a kawo wa wannan mujalla, za mu buga.